Miliyan Goma Sha Ɗaya a Cikin Hular Goni

A Ƙofar Ruwa, in ka tambayi wanda ya fi kowa iya wankin hula, za a nuna maka Modu. In kuwa wanda ya fi kowa sanin ƙwallon Turai kake nema, ba sai an nuna maka ba, Modu zai taso ya gabatar da kansa.

Wankin hular dai gaskiya ne. Gungumen ice arba'in gare shi jere a ƙofar zauren Goni, ƙanin mahaifinsa, kowane gungume da girman kan da aka sassaƙa shi dominsa. Yana da doka ɗaya da yake taƙama da ita: hula ba ta shiga ruwa sai ya laluba ninkin cikinta. Mutanen birni ba abin da ba sa cusawa a nan, daga kuɗin cefane da takardar asibiti har tsinken sakace.

"Shekara goma sha biyu ban taɓa jiƙa takardar mutum ba," in ji shi, ko an tambaya ko ba a tambaya ba.

Sanin ƙwallon kuwa, shekara uku ya yi yana gwada shi a wani shafin caca na intanet mai hoton kifin zinare. An ce ofishin kamfanin yana wani tsibiri da ko malamin makaranta sai ya gyara tabarau kafin ya gano shi a taswira. Shekara uku kifin yana haɗiye masa ɗari biyu-biyu. Modu bai taɓa kiran abin asara ba. Bincike yake ce masa, shi ya sa samari suka laƙaba masa Farfesa.

Binciken nan a ɓoye ake yin sa, domin Goni mutum ne mahaddaci, mai magana ɗaya. Ranar da ya ba Modu ƙofar zauren, da inuwar darbejiyarta da famfonta, ba haya ba komai, sharaɗi guda ya kafa.

"Ranar da na ji an yi caca a ƙofar nan, ko da ƙwallon goruba ne, ka kwashe itatuwanka."

Duk sana'ar Modu a kan wannan inuwa da wannan famfo take tsaye, kuma ya sani.

Ana nan, wata Asabar cikin damina, wasa goma sha huɗu da Modu ya canka suka faɗa daidai. Waya ta nuna naira miliyan goma sha ɗaya da dubu ɗari biyu. Ya saki hular da ke hannunsa cikin ruwan sitaci, ya tsallaka titi da gudu zuwa teburin abokinsa Anas mai gyaran waya.

Anas ya duba, ya goge gilashin da bakin riga, ya sake dubawa.

"Mutumina, cire su yanzu. Yanzun nan, kafin ka haɗiye yawu."

"Ka ji matsalar talaka," in ji Modu. "In na cire, me zan nuna wa mutane?"

"Kuɗin mana."

"Kuɗi a banki wa yake ganinsu? Nan kuwa ga su da jan rubutu. Bari unguwa ta ƙoshi da kallo tukuna. Kamfanin Turawa ne, ba adashin matan unguwa ba, ba inda za shi."

Haka aka yi kwana uku unguwa tana ƙoshi. Modu yakan ɗora babban yatsansa a kan hoton kifin, ya miƙa wa mutum wayar dab da hanci. Dattawa ya ce musu kasuwancin intanet ne da wani kamfanin waje. Samari sun san abin da ke ƙarƙashin yatsan, amma ba wanda ya tona, domin kowa an yi masa alkawari. Mai shayi zai samu sabon tebur, mai faci zai samu injin iska, ladani zai samu lasifika. Wani malamin makaranta ya kawo hula yana neman ragi, Modu ya ce ya bar kuɗinsa, wannan makon na bankwana ne.

Abu ɗaya ya hana shi sukuni, masu ƙwacen waya. Lambar shiga shafin doguwa ce, lambobi goma sha biyu ne cif, bai taɓa haddace ta ba tunda wayar ce ke riƙe masa. Sai ya ɗauko takardar da ya yi cankensa a kanta, wadda ya ce tarihi ce ba za a yar ba, ya rubuta lambar da kalmar sirri a jiki, ya sa hannu kamar yadda yake sa wa komai. Ya ninke ta, ya cusa a ninkin hular Goni ta Juma'a, wadda ya riga ya wanke ya ɗora a kan gungume cikin zaure.

"Ɓarawo zai laluba aljihu," ya faɗa wa Anas. "Zai laluba ƙarƙashin katifa. Ka taɓa jin wanda ya laluba hular Goni? Wannan shi ne bankin da ya fi banki."

"In ya nemi hularsa fa?"

"Sai Juma'a. Ni kuwa Alhamis zan cire kuɗina."

Ran Laraba da hantsi rediyon mai shayi ya faɗi labari. Gwamnati ta toshe shafukan cacar ƙetare da ba su da lasisi, ta kuma ja kunnen jama'a cewa duk wanda ya zuba kuɗinsa can, shi ya jiyo. Modu ya yi dariyar tausayi ga waɗanda abin ya shafa, ya zaro waya don ya nuna wa wani ɗan garuwa jan rubutun nan. Fari fat. Ba kifi, ba lamba, sai layi ɗaya da ke cewa ba a samun wannan shafi a ƙasar nan.

Ya kashe wayar ya kunna. Ya hura mata iska. Ya buga ta a cinya. Daga nan ya tsallaka titi, amma ba da gudu ba.

"Na faɗa maka," in ji Anas.

"Ba ka karanta da kyau ba. Cewa suka yi a ƙasar nan. Ka ga ke nan a wata ƙasar yana nan. Nijar nawa take?"

"Maraɗi za ka?"

"Ni? Nijar ce za ta zo ta same ni."

Kafin azahar ya samo layin wayar Nijar wajen wani direba. Ya cire nasa ya sa wannan, ya ɗaure wayar a kan doguwar gora tare da murfin kwanon silba, wanda ya ce shi zai tattaro iskar arewa. Ya bar hulunan mutane a rana, ya saɓa gora ya nufi Dutsen Dala. Mutum in ya saɓa gora mai murfin kwano a cikin birni ba ya rasa 'yan rakiya. Kafin ya kai ƙarshen matakalar, marasa aikin yi kusan ashirin na bayansa.

A can sama ya fuskanci arewa, ya ɗaga gorar da hannu biyu.

"Farfesa, ɗan karkata gabas," in ji wani.

"Gabas Borno ce, ina ruwana da gida? Ku yi shiru, surutu yana korar sabis."

Can wayar ta yi ƙara. Modu ya sauko da gora. Saƙo ne da Faransanci.

"Sun yi magana! Na ce muku za su yi magana!"

Aka rasa mai karantawa, sai da aka hango wani Buzu mai tallar dabino yana hutawa a gefe. Ya karɓa, ya duba, ya miƙo.

"Sun ce barka da zuwa Najeriya. Sun ce kuma ba ko sisi a layin nan."

Dariyar ba ta gama sauka ba hadari ya taso daga gabas, inda aka ce ba ruwansa da shi. Modu ya tuna hulunan mutane. Ya sauko a guje, santsi ya kwashe shi a matakala ta kusa da ƙarshe, murfin kwanon ya riga shi isa ƙasa yana ƙara har cikin lungu.

Ya iso ƙofar zaure jiƙe sharkaf ya tarar gumagumai tsirara. A bakin ƙofa Ya Kaka ce tsaye, yayar Goni, tsohuwar da duk gidan ba mai ja da bakinta.

"Sannu, mai kamfani. Hulunan bayin Allah suna cikin kwando, ni na kwashe da ciwon gwiwata. An ce ka hau Dala da sanda. Aljanu kake kira?"

"Harkar ofis ce, Ya Kaka."

"Ofishin da ake zuwa da murfin kwanona?"

Washegari Alhamis Anas ya tausaya masa. Ya sa masa wata manhaja da ke sa waya ta yi ƙaryar cewa a Jamus take. Nan take kifin zinare ya bayyana yana murmushi.

"Dama abin da nake shirin yi ke nan," in ji Modu. "Hawan Dala gwaji ne."

Sai dai canjin layin jiya ya sa wayar ta manta shi. Kifin ya ce a rubuta lambar shiga. Modu ya yi murmushin wanda ya yi tanadi, ya shiga zaure wajen bankinsa. Gungumen yana nan, kansa a buɗe.

"Ya Kaka, ina hular Baba Goni?"

"Na kai masa jiya. Ba an gama ba? Tana cikin adakarsa ta littattafai."

Adakar nan makullinta a aljihun Goni yake kwana.

"Ai akwai ɗan tabo a gefe, zan ƙara mata ruwa."

"Tabo? Ba kai ne kake cewa hular da ta bi ta hannunka ko ƙuda ya sauka sai ya zame ba?"

"Ƙaramin tabo ne ƙwarai."

"To idon Goni ba zai gan shi ba."

Bayan la'asar ya durƙusa gaban Goni, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi lafiyar ƙafa da ta ido, sannan ya ce yana so ya saya masa sabuwar hula, a ba shi tsohuwar ya gwada awo.

Goni ya dube shi ta saman tabarau.

"Shekara goma sha biyu kana wanke ta ba ka san awon kaina ba?"

"Kai yana canzawa, Baba."

"Naka dai. Hular nan mahaifinka ya kawo min daga Bama, Allah ya jiƙansa. Gobe da ita zan ɗaura auren Hasana 'yar maƙwabcinmu. Ka zo ka shaida."

Ran Juma'a Goni ya fito da farar babbar riga, miliyan goma sha ɗaya na zaune a kansa daram. Ya tarar da Modu a zaure da lema a buɗe, ga shi sama ba rana ba ruwa.

"Yau wace irin biyayya ce?"

"Lada nake nema, Baba."

Dabarar ita ce ƙarfen lemar ya ɗan taɓa hular ta faɗo, shi kuma ya cafe, ya kakkaɓe ƙura, yatsa ya yi aikinsa. A lungu na farko ƙarfen ya wuce ta sama. A na biyu ya kama kunnen tabarau. A na uku Goni ya sunkuya gaida wani tsoho, lemar ta tuɓe rawanin tsohon.

"Modu," in ji Goni, "rufe abin nan kafin ladan ya kai mu asibiti."

Bayan an sauko daga masallaci jama'a suka taru a ƙofar gidan su amarya, tabarmi har bakin kwata. Modu ya kutsa ya zauna dab da bayan Goni da mafici, yana fifita da ƙarfin da gemun mutum uku ke kaɗawa. Hular ko motsi. Shi da kansa ya ɗora ta a gungumen da ya dace da kan, kuma aikinsa ba ya sakwarkwacewa.

Goni yana da al'ada. Duk auren da zai ɗaura, sai an rubuta masa sunan ango da amarya da iyayensu da sadaki a 'yar takarda, don kada sanƙira ya yi kuskure wajen shela. Aka miƙo masa takardar. A gaban idon Modu ya ninke ta, ya tura ta da yatsa biyu cikin ninkin hula, ba tare da ya cire hular ba. Mafici ya tsaya cak.

Aka nema, aka bayar, aka karɓa, aka shafa fatiha. Sanƙira Baffa ya miƙe da lasifikarsa. Baffa mutum ne da Allah ya ba murya ya kuma hutar da shi daga tunani. Abin da aka sa masa a hannu shi yake faɗa, da ƙarfi, har ƙarshe. Goni ya sa yatsa biyu a hula ya zaro takarda ya miƙa masa. Modu ya ga gefenta da ɗigon shuɗin bula.

"Baffa, kawo in riƙe maka..."

"Jama'a, a saurara!" Lasifika ta yi ƙara. "Kifin Zinare!"

Baffa ya ɗauka kirarin ango ne, ya juya wajen abokan ango.

"Ango Mubarak, Kifin Zinare! Ka ji manya! Sai kuma lamba, wato sadaki ke nan. Bakwai, huɗu, huɗu, sifiri, tara, ɗaya, ɗaya..."

Da ya kai lamba ta tara, wakilin ango ya miƙe tsaye yana laluben aljihu.

"Ba haka muka yi ba! Wallahi ba haka muka yi ba!"

"Alhaji, zauna, ban gama ba. Madarid za ta ci! Basalona canjaras! Milan biyu da nema!"

Samarin da ke bakin kwata suka fara faɗuwa kan juna. Dattawa suna duban juna, wani yana tambayar ko dangin ango ne daga nesa. Baffa ya bi wasa goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jan murya, kamar yana kiran sunayen masu ba da kyauta.

"Kalmar sirri!" Ya ɗaga takardar sama don ya gani da kyau. "Goni bai sani ba! Sa hannu, Farfesa Modu!"

Duk idanu suka koma kan Goni.

Goni bai waiwaya ba. Ya gyara zaman tabarau.

"Baffa, maimaita wadda ke gaban sa hannun."

"Goni bai sani ba!"

"To, ya sani."

Ya sake sa yatsa biyu a hula, ya zaro ɗaya takardar ya miƙa. Aka yi shelar auren Mubarak da Hasana a kan sadakin da bai tayar da kowa tsaye ba, aka raba goro da alawa.

Modu bai tsaya goro ba. Ya lura cewa a bakin kwata kawuna sun sunkuya, yatsu suna aiki. Lambar da ya kasa haddacewa shekara uku, samari talatin sun haddace ta a karatu ɗaya. Ya yi tsalle ya tsallake tabarma biyu ya faɗa kan Anas.

"Shiga! Shiga kafin su riga ni!"

"Na shiga tun Baffa yana karanta sa hannunka," in ji Anas, ya juya masa wayar.

Kifin yana nan da murmushinsa. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa saboda matakin hukuma, kamfani ya rufe duk asusun 'yan ƙasar nan tun ran Laraba. Mai ƙorafi yana iya zuwa ofishinsu da kansa, Litinin zuwa Alhamis, a tsibirin. Inda jan rubutun yake a da, sifiri ne guda, shi ma ja.

Labari ya zaga wayoyi talatin a lokaci guda. Mai shayi ya zo ya leƙa, ya ce a bar masa tsohon teburinsa, dama bai yi ƙorafi ba. Ladani ya wuce ko kallonsa bai yi ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Goni ne ya tashi daga ƙarshe. Ya tsaya gaban Modu, ya cire hular a karo na farko a ranar, ya leƙa cikinta, ya karkaɗe, ya mayar.

"Akwai sauran ajiya?"

"Babu, Baba."

"Madalla. Ka tuna maganar ƙwallon goruba?"

"Baba, ai ban ci ko kwabo ba. Abin da ba a ci ba..."

"Gobe da safe. Itatuwa arba'in ne, na san adadinsu."

Ran Asabar aka ga Modu yana tura baro, gumagumai suna karo da juna kamar kawunan masu gardama. Ya sauke su can gefen titi kusa da ƙofar gari, inda ba bishiya, ruwa kuma sai an saya wajen 'yan garuwa. Ya ce wa masu wucewa reshe ya buɗe, wancan wurin ya yi masa kaɗan.

"Ku faɗa min," yakan ce, gumi na zuba cikin ruwan sitaci, "duk Ƙofar Ruwa wa ya taɓa asarar miliyan goma sha ɗaya? Sai wanda ya samu yake asara. Gwamnati guda ta tashi tsaye kafin a iya da ni."

Masu kawo wanki ba su daina ba, domin hannunsa bai canza ba. Har Goni, bayan mako biyu, ya aiko Ya Kaka da hular Bama da kuɗin wanki cif kamar na kowa. Da ta dawo karɓa, ta tsaya cikin rana ta juya hular, ta bi ninkin da yatsa tun daga farko har ta zagayo, sannan ta ɗaga ta ta leƙa. Mutum biyu da ke jiran nasu suka ga haka, su ma suka juya hulunansu suka fara lalube.

"A da kai kake laluben abin da muka manta," in ji Ya Kaka. "Yanzu mu muke laluben abin da ka sa."

Modu ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya juya ga mutanen biyu.

"Kun ga wannan tsarin na dubawa kafin a karɓa? Duk Kano ba inda ake yin sa sai nan. Ni na kawo shi."